Kwalbar Baba Direkta: Daga Tanut Zuwa Kano Neman Ɗan Kore

Tun da na dawo daga Kano ban samu sakat ba. A bakin masallaci a tare ni, a buro, wato ofis, a tare ni, har mai gyaran babur ɗina ya ajiye aikinsa ya ce sai na gaya masa ko gaskiya ne na yi tafiyar kwana shida saboda kwalbar da babu komai a cikinta. Gaskiya ne. Sai dai kowa ya ji rabin labarin yakan cika sauran da nasa: wasu sun ce neman magani na je, wani marar kunya ma ya ce neman aure. Shekara ashirin da bakwai ina rubuta haihuwar mutane da aurensu da mutuwarsu a rajista, ban saba barin magana tana yawo ba a daidaita ta ba. Saboda haka na buɗe kaye, wato ɗan littafin da na riƙa rubutu a ciki a hanya, ga abin da ya faru bi da bi.

Baba Direkta surukina ne, mahaifin mai ɗakina, kuma shi ya koya mini riƙon alƙalami a lakwal, makarantar bokon da ya shugabanta. Kunyarsa biyu ke nan a kaina, don haka ba zan rubuta sunansa ba. Wanda duk ya girma a Tanut ya san shi, ya kuma san kwalbarsa. Turaren odikolon ne na maza, irin na zamanin Turawa, a cikin kwalba koriya mai duhu da murfin ƙarfe, da takarda a gabanta mai hoton reshen lemo. Sunansa na Faransanci ba zan kawo ba, ba talla nake yi ba. Mutanen ƙasarmu Damargu Ɗan Kore suke ce masa.

Al'adar Baba ita ce, duk Juma'a bayan an sallame, ya zauna a kan tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi, wato darbejiya, da ke gabas da masallacin unguwarmu, ya fito da kwalbar daga aljihu. Wanda ya zo gaisuwa ya miƙa bayan hannu, Baba ya ɗiga masa ɗigo ɗaya, ya tambaye shi gida da gona. A nan ake sulhunta masu rigima, a nan tsofaffin ɗalibansa suke kawo ƴaƴansu ya sa musu albarka. Tun ina yaro na ga wannan kwalbar, ban taɓa ganin ta ƙare ba. Jama'a suna cewa albarka ce. Ni da na yi karatu, na yanke wa kaina cewa akwai wani aboki a Yamai da ke aiko masa, yana juyewa a tsohuwar kwalbarsa.

Hajiya, matarsa, ta rasu bara bayan ƙaramar Salla. Da hannuna na shigar da rasuwarta a rajista. Baba ya daure, ya ci gaba da fita har wata huɗu, sa'an nan ya daina. Ya ce gwiwa ce. Likita ya duba bai ga komai ba. Juma'a bakwai tabarmar nan ba a shimfiɗa ta ba, abincinsa ya ragu, maganarsa ta ragu. Ranar da na je gaishe shi, na durƙusa daga bakin ƙofa, sai ya turo mini kwalbar a kan tabarma.

"Ɗauke ta, Abdu," in ji shi. "Ta gama aikinta."

Na buɗe murfin, ta bushe ƙayau, sai ƙamshi. Suruki ba a yi masa tambaya biyu. Na fita da tabbacin na gane ciwon: mutumin da ya yi shekaru yana ɗiga wa jama'a ba zai yarda ya zauna a gabansu hannu wofi ba. In an samo Ɗan Kore, Baba zai fito. In ba a samo ba, ina tsoron sunan da zan rubuta nan gaba a rajista.

Da nake haɗa jaka mai ɗakina ta tambaye ni ina na nufa. Na ce Damagaram, wataƙila har Kano, neman wani abu na Baba.

"Wane abu ne, Baban Nafisa?"

"Abin maza ne," na ce.

Ta dube ni, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta sa mini cuku da dakakken gero a jaka. Ku riƙe wannan amsar tawa, za mu komo kanta.

Motar da na shiga an yi ta don mutum goma sha takwas. Na ƙirga mu ashirin da biyar, ban da akuya biyu da ke ƙarƙashin kujera. Na nuna wa direba wannan, ya ce in ina son adadi ya daidaita, ni in sauka. Wanda ke matse da ni wani makiyayi ne daga Tenhiya, dattijo mai rawani har hanci, sunansa Agali. Da ya ga ina dafe da aljihu ko da yaushe, ya tambaye ni ko laya ce. Na fito da kwalbar. Nan take ya gane ta.

"Ta tsohon nan ce mai ɗiga wa mutane ƙamshi! Yana da rai?"

Na ce yana nan.

"Sau biyu ina zuwa Juma'a ban same shi ba. Na koma gida hannuna yana warin raƙumi, matata ta ce ƙarya nake ban je masallaci ba."

Duk motar aka yi dariya, ni kuwa na rubuta maganar, domin ta nuna mini cewa ba gidanmu kaɗai abin ya shafa ba. Kafin Bakin Birji taya ta fashe. Direba ba shi da wata mai iska, sai da ya jira motar ɗan'uwansa. Awa uku muka yi a gindin wata ƙaya. Agali ya fito da butar shayinsa da gawayi daga cikin riga kamar mai dabo, muka sha na fari da na biyu da na uku, na fasa cuku muka raba. Ban taɓa jin daɗin sakacin direba ba sai ranar.

A Damagaram na kwana gidan wani abokin karatuna, da safe na shiga kasuwa. Masu turare goma sha ɗaya na tambaya. Matasan cikinsu ba su taɓa jin sunan ba, sai su miƙo mini na Makka da na Dubai mai maiƙo, wanda in ka shafa yau sai an wanke rigar sau uku yana nan. Na goma sha biyu ya aike ni wurin wani tsoho, Alhaji Mato, mai ɗan kanti a lungu, wanda da ƙuruciyarsa ya yi aiki a kantin Turawa lokacin cinikin gyaɗa. Ya karɓi kwalbar da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri.

Daga bakinsa na samu farkon tarihin. Ya ce a cikin akwatunan katako yake zuwa, an shimfiɗa masa ciyawa, a motocin da ke komawa da gyaɗa. Da fari Kumandan, wato Baturen mulki, da manyan Turawa kaɗai ke saye. Sai tsofaffin soja da suka dawo daga yaƙi suka fara nemansa, domin sun saba da shi a can. Daga su sai masu fassara, da malaman lakwal, da gardi masu tsaron gwamnati. Ya ce a wancan zamanin in ka ji ƙamshin Ɗan Kore a lungu, ka san wani mai albashi ya wuce, ka gyara tsayuwa. Daga baya direbobin manyan motoci suka kama, har ya zama ango bai cika ango ba sai an ji shi a rigarsa.

"To me ya kashe shi?" na tambaya.

"Jirgin Makka, ɗana. Da alhazai suka yawaita, kowa ya dawo da ɗan mai a aljihu. Malamai kuma suka ce wannan akwai sinadarin giya a ciki, wasu suka ce ba komai tunda ba sha ake ba, aka yi ta ja. Kantunan Turawa suka rufe. Ni rabona da ganin akwatinsa tun kafin babban farin nan da ya kashe shanu."

Na lissafa a raina, wannan ya fi shekara arba'in. Na ce ai surukina har bara yana da shi. Alhaji Mato ya shinshina bakin kwalbar, ya sake shinshinawa, ya dube ni ta ƙasan ido.

"Hancina ya tsufa," in ji shi. "Je ka Kano. Abin da babu a Kano, ba a yi shi ba."

Na rubuta a kaye: tsoho mai ilimi, amma hancinsa ya tsufa, da bakinsa ya faɗa.

Washegari na bi ta Matamai zuwa iyaka. Takarduna cif suke, katin shaida da na rigakafi, kowanne a cikin leda. Matan da ke fatauci a motarmu ba mai ko ɗaya, amma su aka fara sallama, ana kiransu da suna ana tambayar yaransu. Ni mai takardu ni aka ce in shigo ciki. Wani jami'i matashi ya zazzage jakata, ya tarar da kwalbar a naɗe cikin hula.

"Baba, mene ne wannan?"

Na ce kwalba ce, babu komai a ciki.

"Mutum ya taso daga Faransa da kwalba ba komai, ya naɗe ta kamar zinariya?"

Na gaya masa cikin ladabi cewa daga Jamhuriyar Nijar na taso, Faransa kuwa ta kwashe kayanta tun ba a haifi mahaifinsa ba. Bai ji haushi ba, haka suke kiranmu a can, ba da nufin zagi ba. Ya buɗe murfin ya kai hanci, yana neman abin da zai kama ni da shi. Sai na ga fuskarsa ta sauya.

"Kai! Wallahi ɗakin kakata. Haka adakarta take ƙamshi."

Wannan ya ɓata mini rai fiye da zancen Faransa. Na ce masa turaren maza ne, na Turai, wanda manyan ma'aikata suka shafa, ba kayan adakar tsofaffi ba. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, ya naɗe mini kwalbar da kansa, ya raka ni har mota. Na rubuta: jami'i mai kirki, marar sanin turare.

Muka wuce Daura da Kazaure, muka shiga Kano da la'asar. Masaukina gidan Alhaji Isufu ne, mutumin Gangara, dillalin dabbobi da ya yi shekara talatin a can. Zaurensa tashar mutanen Damargu ce: wanda ya kawo raƙuma, wanda ya kawo mara lafiya, wanda ya zo sayen injin niƙa, kowa da tabarmarsa. Na miƙa masa sauran cukun, ya rungume shi kamar ɗan'uwa.

Abubuwa da dama sun ba ni mamaki a Kano, zan faɗi kaɗan. Shayinsu ba shayi ba ne a wurinmu: kofi guda ƙato, an cika shi da madara, a haɗa da burodi a shanye a tsaye a wuce. Na tambayi mai shayin ina na biyu da na uku, ya ce in na biya zai ƙara. Gaisuwarsu gajera ce, kafin ka kai ga tambayar dabbobi mutum ya yi nisa. Kowa Alhaji ne ko Yallaɓai, ni ma da ban taɓa zuwa Makka ba na yi kwana uku ina Alhaji, na gaji da gyarawa na bari. A daidaita sahu kuwa, keken nan mai ƙafa uku, na shiga sau ɗaya na karanta duk abin da na haddace. Amma gurasarsu da aka yayyafa wa ƙuli da mai, da masar da matar Alhaji Isufu ta aiko da miyar taushe, ban ci irinsu ba a Damargu, kuma duk wanda ya ce na faɗi haka a gaban mai ɗakina zan musa.

Alhaji Isufu ya ce in fara da wani Malam Tijjani a kasuwa, mai haɗa turare. Rumfarsa ƙarama ce, kwalabe jere har rufi, da sirinji a hannunsa irin na likita. Sana'arsa ita ce ka kawo masa ƙamshin da kake so, ko a hula ko a tsumma, ya shinshina ya haɗa maka irinsa. A gabana wani ya kawo hankici, ya fita da kwalba cike yana godiya. Ni a ganina wannan jabu ne da rana tsaka, amma na miƙa kwalbar, na ce asalinsa nake nema.

Ya rufe ido ya ja numfashi sau uku.

"Alhaji, kwalbar ta Ɗan Kore ce, na san ta a wurin mahaifina. Abin da ya zauna a ciki kuwa ba shi ba ne."

Na ce ya sake dubawa.

"Akwai ɗan odikolon na kasuwa a ƙasa, mai araha. A kansa akwai sandal da aka jiƙa ya daɗe. Akwai kajiji. Akwai farce, an soya shi an daka, kaɗan ƙwarai. Akwai ɓawon lemon tsami busasshe, don ya yi kama da na asali. An tace da ƙyalle mai laushi, ba sau ɗaya ba. Wannan hannun mace ne, Alhaji, kuma ta wajenku, irin matan Barebari masu humra. Wace ce? Ina son in gaishe ta, gwana ce."

Na miƙe tsaye. Na gaya masa cewa mai wannan kwalbar direktan lakwal ne da ya yi wa ƙasa aiki shekara talatin da biyar, bai taɓa sa hannu a takardar ƙarya ba, ba zai yi shekaru yana ɗiga wa Musulmi jabu a bakin masallaci ba. Na ce wanda sana'arsa kwaikwayo ce, komai ya gani kwaikwayo zai ce. Maƙwabtansa suka taru. Malam Tijjani bai ɗaga murya ba.

"Ban ce jabu ba, Alhaji. Kai ka ce jabu. In asalin kake so, je ka wurin Alhaji Baffa a bayan masu agogo. In akwai sauran guda a garin nan, yana wurinsa. Amma ka shinshina kafin ka tafi da shi."

Na rubuta a kaye, da babban baƙi na ja layi a ƙasa: mai haɗa jabu, ya yi wa Baba ƙazafi.

Alhaji Baffa ya gaji kantin ne daga mahaifinsa, wanda ya yi hulɗa da Kwara masu shigo da kaya. Mutum ne mai son a tambaye shi, ni kuwa mai son tambaya, muka dace. Shi ya cika mini tarihin. Ya ce irin wannan turaren ya samo sunansa ne daga wani gari na Jamus inda aka fara yinsa da lemo da furanni da ganyaye masu ƙamshi, kuma da fari magani aka ɗauke shi, ana shafawa don ciwon kai, har ana ɗigawa a ruwa a sha. Daga baya masu aski na Turai suka mai da shi abin shafawa bayan an aske gemu, shi ya sa ya zama na maza. Gidaje da yawa suka riƙa yin nasu, Ɗan Kore ɗaya ne daga ciki. Ya ce ƙamshinsa ba ya daɗewa, da gangan aka yi shi haka, domin a wurinsu mutumin kirki ba a jin ƙamshinsa sai an matso kusa. Na ce mu kuwa a Damargu turaren da bai riga mai shi shiga zaure ba, asarar kuɗi ne. Ya yi dariya har da tari.

Sa'an nan ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da ƙaramin kwali da ya yi ja don tsufa. Kwalba ce koriya, murfinta da hatimi ba a taɓa buɗewa ba, reshen lemon nan shar kamar jiya aka buga. Biyu suka rage masa, ya ce ɗaya ta likkafaninsa ce. Da ya ji labarin Baba ya sallama mini ɗayar. Na tuna shawarar Malam Tijjani cewa in shinshina, na ƙi. Hatimi shi ne shaida, kuma ba zan karya hatimin abin da ba nawa ba.

Komowa ba ta da labari, sai dai a iyaka jami'in nan ya gane ni ya ce, "Baba mai kwalba, an dace?" Na ɗaga masa sabuwar da alfahari.

Ranar Laraba na iso Tanut. Ban ko biya gida ba, na wuce wurin Baba da ƙurar hanya. Na durƙusa, na ajiye kwalabe biyu a gabansa, tsohuwa da sabuwa. Ya ɗauki sabuwar ya juya ta, ya karanta takardar ba tare da tabarau ba, ya karya hatimin ya kai hanci. Ƙamshin ya iso inda nake: lemo ne tsantsa, mai kaifi, mai sanyi, kafin ka kama shi ya wuce. Ban taɓa jin sa ba a rayuwata. Ba shi ne abin da ke bayan hannuna duk Juma'a ba.

"Wannan na Kumandan ne," in ji Baba. "Har na ga takalminsa." Ya mai da murfin. "Har ina ka je, Abdu?"

Na ce Kano.

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi mana in mun kawo lissafi daidai amma ba shi aka tambaya ba.

"Ranar da na fara aiki na sayi kwalbar can, don in yi kama da manya. Ina saye ina juyewa a cikinta har ya ɓace a kasuwa, shekarar fari. Na ga ta kusa ƙarewa, na ce ranar da ta ƙare na daina zama a gindin bedi. Ban faɗa wa kowa ba, amma Hajiyarku ta gani. Wata Alhamis ta ce in ba ta kwalbar ta goge mata ƙura. Da safe na tarar da ita a kan taga, ta yi nauyi."

Ya shafa tsohuwar kwalbar da yatsa.

"Ɗigon farko na gane. Ni da na san adakarta? Shekara arba'in da wani abu, duk Alhamis tana goge ƙura. Da na faɗa, da na kunyata ta. Da ta faɗa, da ta kunyata ni. Ka sha wahala, Allah ya yi maka albarka. Amma abin da ya ƙare ba a Kano yake ba."

Ban san yadda na fito ba. Malam Tijjani bai yi ƙarya ba, jami'i bai yi ƙarya ba, Alhaji Mato hancinsa lafiya lau, ladabi ne ya hana shi. Ni kaɗai, mai kaye da alƙalami, aka gaya mini gaskiya sau uku na rubuta ta a matsayin kuskure.

A gida na zayyana wa mai ɗakina komai. Ta saurara har ƙarshe, sa'an nan ta rufe fuska da mayafi, na kasa gane kuka take ko dariya. Ashe duka biyun ne.

"Abin maza!" in ji ta. "Baban Nafisa, tun ina shekara tara ni ke daka wa Inna kajijin nan. Ni ke riƙe ƙyallen tana tacewa. Da ka ce mini kwalba ce, da ko tasha ba ka je ba."

Na ce to me ya hana ta haɗawa tun da ta ga halin da Baba ke ciki?

"Inna ta ce kada ya sani har abada. In na cika bayan ba ta, ai na tona mata asiri. Kullum ina kallonsa yana ramewa, ga kayan a adakarta, na rasa yadda zan yi." Ta share ido. "Ashe ya sani. Tsofaffin nan!"

Ta karɓi kwalbar da na sha wahala a kanta, ta shinshina, ta ce ba laifi, zai yi ƙasan haɗi, ya fi na kasuwa da Inna ke sa wa. Wato Ɗan Kore na asali, mai hatimi, wanda na ƙetare iyaka dominsa, matsayin da ya samu a gidana shi ne na ruwan jiƙo. Sandal ɗin da Hajiya ta jiƙa kafin ta kwanta ciwo yana nan a tulunsa. Ranar Alhamis da hantsi na ji turmi yana ƙara a bayan ɗaki. Da la'asar ta yafa mayafi ta tafi gidansu, ta gaishe da mahaifinta, ta ce ta ga kwalbar can ta yi ƙura, bari ta goge. Ta ce ya dai juya fuska bango.

Ranar Juma'a na je masallaci da wuri, zuciyata ba ta wurin huɗuba, Allah ya gafarta mini. Da aka sallame na leƙa gabas. Tabarmar tana shimfiɗe. Baba yana zaune a kanta, ya rame, rigar ta yi masa yawa, amma hularsa a karkace yadda ya saba, mutane sun riga sun yi layi. Na hango rawanin Agali a cikinsu. Na tsaya a ƙarshe. Da na iso na durƙusa na miƙa bayan hannu, ya ɗiga mini, ya riƙe hannun bai saki ba. Ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Kajijin ya ɗan yi yawa," in ji shi. "Kada ka faɗa mata."

Wannan shi ne labarin tafiyata, ba magani, ba aure. Na koma kaye na soke layin da na rubuta a kan Malam Tijjani, na sa hannu a gefe kamar yadda doka ta ce a yi in an gyara rajista, na kuma aika masa da cuku ta hannun Alhaji Isufu tare da takardar ban haƙuri, na gaya masa gwanar da ya so gaisarwa ta riga mu gidan gaskiya, amma ta bar magajiya. Baba ya yarda in rubuta sauran, ya ce yanzu ba wanda zai ji kunya. Maganar kajiji ce kaɗai bai sake ni a kanta ba. Saboda haka takardar nan ta majalisa ce, ku karanta ku mayar mini. Wanda ya kai ta gidana, ni da shi.